Saura sati shida tseren dutsen Buea: ka zauna Garwa, ka koma Gaundare, ko ka haƙura sai baɗi?

Da an shiga Janairu tambayar ɗaya ce a bakin masu gudun asuba na Garwa da Marwa, har da 'yan Kuseri da na Njamena. Wane ya samu shiga tseren dutsen Buea, wato Dutsen Kamaru da ke kudu maso yammacin ƙasar, ko abokai sun zuga shi yace zai je, yanzu saura sati shida, kuma duk gudun da yake yi a kan kwalta ne miƙaƙƙiya ba tudu ba gangare, toh ya zai yi? Shawarwarin da ake bashi basu wuce uku ba. Wasu suce ya zauna gida ya ƙara kilomita ya dinga hawa bene, wasu suce ya tattara ya koma Gaundare tunda can bisa tudu ne, wasu kuma suce ai babu kamar ya tafi Buea ɗin da wuri ya saba da dutsen. Akwai ta huɗu da ba mai son faɗa masa, wato ya haƙura da bana. Zan bi su duka, amma tun yanzu in faɗa, ni inada wadda nafi so kuma ba ɗaya daga cikin ukun bace cif.

Mu fara sanin abinda za'a je yi, dan da yawa in sunji kilomita 38 sai suce ai bai ma kai maraton ba, tunda maraton kilomita 42 ne da mita 195. A takarda haka ne. Amma daga filin wasa na Molyko ake tashi, a bi kwalta tana ta hawa ta tsakiyar garin har a wuce Upper Farms, a shiga kurmi mai laima da saiwoyi a ƙasa, a fito wajen bukkar da suke kira Hut 1, daga nan itatuwa su ƙare sai ciyawa da duwatsu kuma wajen ya miƙe tsaye har Hut 2, sannan baƙin dutse da toka har Hut 3 da ƙololuwa wadda ta haura mita 4,000. Dutsen mai aman wuta ne, yayi a 1999 ya sake a 2000, wannan baƙin tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa daga nan ta fito. Hawan gaba ɗaya yafi mita 3,000, kuma duk abinda ka hau da ƙafarka zaka sauko shi ka dawo Molyko. Tudun nan na maraton ɗin Boston a Amurka da ake ta labarinsa, Heartbreak Hill, tsayinsa bai kai mita 30 ba. Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya gama maraton ɗin Chicago a 2023 cikin awa 2 da sakan 35, amma zakarun Buea maza suna cin wajen awa huɗu da rabi a hanyar da bata kai wancan tsawo ba, mata kuma awa biyar da wani abu. Toh irinmu masu gudu dan lafiya sai mu sa a rai wuni zamu yi a kan ƙafa.

Tun 1973 ake wannan tsere, da can kamfanin Guinness ke ɗaukar nauyi, daga 1996 aka koma kiransa Course de l'Espoir. Sarah Etonge taci shi sau bakwai, kuma in ka duba masu cinyewa zakaga yawanci ko 'yan gindin dutsen ne ko 'yan tuddan Arewa maso Yamma, cikinsu har da Fulanin Mbororo da suka tashi suna bin shanu a gangare. Ƙafarsu tun yarinta take wannan aiki. Miliyan 10 na sefa da ake ba na ɗaya a 'yan shekarun nan ka cire shi a ranka, mu maganar da muke ita ce ka hau ka sauko da ƙafarka ba a ɗauko ka ba.

Me sati shida zai iya sayo maka? Zuciya da huhu watanni suke so kafin su canja sosai, jijiyoyi da ƙashi ma sunfi haka jinkiri, shi yasa wanda ya tashi daga kilomita 30 a sati ya koma 80 dan yana sauri, abinda yake samu ciwon agara ne ko ƙwauri ko gwiwa, ranar tsere yana gida yana kallo a talabijin. Ba'a fafe gora ranar tafiya. Amma akwai abu biyu da jiki ke koya da wuri, ɗaya juriyar cinya wajen sauka, ɗaya kuma iya tafiya da sauri a hawa kana ci kana sha. Duk zaɓin da zaka yi da waɗannan biyun zaka auna shi.

Maganar sauka ita mutanenmu basu ɗauka da muhimmanci, kowa tsoron hawa yake. In kana hawa naman cinya tsukewa yake ya ɗaga ka, numfashi ne ke wahala, in ka gaji ka rage sauri shikenan. In kana sauka kuwa naman yana miƙewa ne alhali yana riƙe da nauyinka, kowane taku yana tare ka kar ka faɗi, wannan ke yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka. Duk wanda ya taɓa bin falez ɗin Gaundare, wato dogon gangaren nan na hanyar Garwa, a bayan tirela mai kaya ya san ƙaurin birkin nan da ke tashi kafin a iso Wak, toh cinyarka ce birkin, kuma gangaren Buea ya ninka falez sau da yawa. Ciwon baya zuwa ranar, sai washegari, yafi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku. Zakaga mutum a masallaci ya kasa sauka sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, zaman tahiya ya gagara, in zai sauko daga bene sai ya juya baya yana riƙe ƙarfe. Abin daɗin shine in cinya tasha wannan wahalar sau ɗaya ta warke, karo na biyu ciwon baya kai na farko, kuma wannan kariyar tana ɗaukar makonni. Masana motsa jiki sun daɗe da tabbatar da haka. Kenan gangare mai tsawo sau biyu ko uku cikin sati shidan nan yafi maka amfani akan ƙarin kilomita 100 a kwalta.

Zaɓi na farko, zama gida. Alherinsa a fili yake, baka bar aiki ko shago ba, kana cin abincin da cikinka ya sani, kana kwana a gadonka, kuɗin ka ajiye na mota da masauki a Buea. Kuma barci da abinci sune rabin atisaye, wanda ya koma baƙon gari yana kwana a tabarmar ɗakin aboki sauro na cizonsa bai cika murmurewa tsakanin gudu da gudu ba. Matsalar ita ce Garwa tana kwance a kwarin Binuwai wajen mita 200 da ɗori, Njamena wajen 300 kuma ita ko tudun kirki babu, Marwa ce ma da ɗan dama tunda duwatsu na kewaye da ita.

Toh da me za'a maye gurbin dutse? Bene shine na farko da kowa ke faɗa, kuma yana aiki, amma mu yi lissafi. Hawa ɗaya na gini wajen mita 3 ne, gini mai hawa huɗu mita 12 kenan, kafin ka haɗa mita 3,000 sai ka hau shi sau 250. Ba wanda zai yi wannan kuma ba'a ma so kayi. Abinda zai yiwu shine awa ɗaya sau biyu a sati, kana hawa da tafiya mai sauri taki bibbiyu, kana saukowa da sassarfa, zaka iya tara mita 500 ko 600. Matakalar sitad irin ta Roumdé Adjia in an bar ka ka shiga tafi ta gida daɗi dan akwai iska kuma ba juyi kowane taku goma. Illar bene ita ce saukarsa gajera ce, kafin cinya ta fara jin jiki ka iso ƙasa ka huta, sannan takun duk iri ɗaya ne, idon sawu baya koyon komai game da dutse mai motsi. Injin gudu na gidan motsa jiki kuma, wanda ake ɗagawa zuwa kashi 15, yana baka mita 150 na hawa a kowane kilomita, awa ɗaya kana tafiya da sauri ka samu wajen mita 600 zuwa 700 ba tsayawa, wannan yafi bene kama da dogon hawan Buea. Amma sauka sifili. Wanda ya dogara da injin kaɗai zai kai Hut 2 yana murmushi ya dawo ana riƙe da shi.

Yashi fa? 'Yan Marwa na son gudu cikin kogin mayo Kaliao tunda rani ne ya bushe, 'yan Garwa bakin Binuwai, 'yan Njamena bakin Shari. Yana ƙarfafa sharaɓa da idon sawu, ba laifi sau ɗaya a sati minti 30, amma ba tudu bane, kuma in baka saba ba agara yake kamawa. Ni ban sa shi a lissafi sosai.

Abinda yafi yashi amfani a gida kuma kyauta ne, saukowa daga dakali a hankali. Ka tsaya kan dakali ko benci mai tsayin gwiwa ko ƙasa da haka, ka sauke ƙafa ɗaya a hankali kana ƙirga uku zuwa huɗu kafin diddige ya taɓa ƙasa, ka koma sama, sau 10 zuwa 12 kowace ƙafa, zagaye uku. In ya zama wasa ka goya jaka da galan ɗin ruwa lita 5. Ka haɗa da tsugunno a hankali da dogon taku kana durƙusawa. Sau biyu a sati ya isa. Wannan shine mafi kusa da aikin gangare da zaka samu a tsakar gida, sai dai ka fara shi tun satin farko, kar ka bari sai saura kwana goma.

Kuma ba gaskiya bane ace ɗan Garwa bashi da dutse ko kaɗan. Tinguelin na nan arewa da gari ta hanyar Pitoa, da moto ka isa, ya ɗaga sama da gari da 'yan ɗaruruwan mita, ka hau ka sauka sau uku ko huɗu a safiya ɗaya ka tara abin kirki kuma a kan dutse na gaske mai tsakuwa. Ɗan Marwa duwatsun bakin gari sun ishe shi irin wannan. Ɗan Njamena ne abin tausayi, shi kam dole sai ya haɗa da tafiya, mafi kusa ya tsallako ya sauka Marwa.

Zaɓi na biyu, komawa Gaundare sati biyu ko uku. Anan ne nake ganin ake ruɗin mutane. Ana cewa ai can sama ne jini zai ƙaru. Gaundare wajen mita 1,100 take, wannan tsayin bai isa ya sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini yadda za'a gani ba. Masu zuwa Iten a Kenya dan wannan dalili suna zama ne a wajen mita 2,400, kuma sati uku zuwa huɗu suke yi. A ƙololuwar Buea kowane numfashi yana baka wajen kashi 60 cikin 100 ne na iskar da zaka samu a bakin teku, kuma babu wani gari a arewa da zai shirya ka ma wannan, kowa haki zai yi a can, kai da ɗan Gaundare duka. Saboda haka in dan jini zaka koma, ajiye kuɗinka.

Amma Gaundare tanada abinda Garwa bata da shi. Garin kansa hawa da sauka ne, duk inda ka nufa sai ka haɗu da tudu, dogon gudunka na awa biyu zai tara hawa ba tare da ka nema ba. Akwai sanyi, zaka iya fita ƙarfe takwas ko tara ba sai asuba kaɗai ba, ƙurar hunturu ma bata kai ta Marwa da Kuseri ba inda zaka gama gudu ka tofar da yawu ja. Dutsen Gaundare na bakin gari gajere ne, na maimaitawa ne kaman Tinguelin, wajen tafkin Tison ma akwai hanyoyi masu daɗi. Babban abin shine dogon gangare, falez ɗin da ke arewa da gari yana baka sauka mai tsawo ba yankewa, sai dai hanyar manyan motoci ce mai kwana-kwana, in zaka bi ta ka fita da sassafe, ka fuskanci motocin da ke zuwa, ka cire abin kunne, kuma a samu mai moto yana binka da ruwa. Wanda ya samu ɗan gari ya kai shi Ngan-Ha, dutsen da ya kai wajen mita 1,900 gabas da gari, wannan yafi falez nesa ba kusa ba dan ƙasa ce da dutse ba kwalta ba. Kar dai ka shiga daji kai kaɗai, ka fara gaida jauro ka faɗi abinda ya kawo ka, a haɗa ka da yaro ɗan ƙauyen, dan kowa ya san dajin Adamawa yasha fama da masu satar mutane.

Duwatsun Mandara kuwa, Mokolo da Rumsiki, in maganar ƙasa ce kawai da babu kamarsu ga ɗan Marwa, hanyoyin ƙafa tsakanin gonakin da aka yanka a jikin dutse sune ainihin abinda ake nema. Amma yankin bakin iyaka ne kuma matsalar Boko Haram bata gama ƙarewa ba, in bakada 'yan uwa can da zasu ce maka ga inda zaka bi ga inda bazaka bi ba, bar shi.

Toh komawa gaba ɗaya ko zuwa ƙarshen sati? Tsakanin Garwa da Gaundare wajen kilomita 280 ne, ka shiga bas ranar Juma'a bayan masallaci, Asabar kayi babban aikin, Lahadi ka ɗan taka a hankali ka dawo. Tunda cinya sau biyu ko uku kawai take buƙatar dogon gangare, kuma tsakaninsu sai ta huta kwana goma ko fiye, zaman sati uku a can yawancinsa hutu zaka yi kana biyan kuɗin abinci. Banda haɗarin da na sha gani, mutum ya ga tudu ko'ina sai ɗoki ya kama shi, kullum yana kan dutse, kwana biyar gwiwa ta kumbura. Wanda keda gidan 'yan uwa a can kuma aikinsa zai bari, toh ya koma, riba ce. Wanda sai ya kama ɗaki ya rufe shago, bai cancanta ba.

Zaɓi na uku, sauka Buea da wuri. A ido shine mafi hankali, ga dutsen ga ka. Kuma in da zaka samu zuwa saura sati huɗu ka hau har Hut 2 ka sauko ka dawo gida, da wannan yafi komai da na lissafa. Amma tafiyar ba kusa ba, daga Garwa sai ka kai Gaundare, ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ka kama mota zuwa Duwala, sannan wajen kilomita 70 zuwa Buea, mutum nawa ne zasu iya wannan sau biyu a wata ɗaya? Abinda akasari ke faruwa shine mutum ya isa saura kwana takwas ko goma, yaga 'yan gari na hawa, yace bari in gwada in ga ƙololuwa, ya sauko da cinya a farfashe, ranar tsere bata gama warkewa ba. Ya kashe tserensa da kansa. In ka isa cikin kwana goman ƙarshe iyakarka kurmi zuwa Hut 1, da tafiya, ka sauko a hankali, sau ɗaya. Amfanin zuwa da wuri a lokacin sanin hanya ne da sabawa da laima, dan mu mun saba da busasshen zafi inda gumi ke bushewa nan take, can kuwa riga jiƙewa take ta manne. Kwana uku zuwa huɗu sun isa wannan. Sannan ka tuna yankin na cikin rikici tun 2016, ranar Litinin a wurare da yawa ba'a fita ba'a buɗe shago, kar ka tsara isowa ranar, kuma a tseren 2023 an samu fashewar abubuwa a hanya mutane suka ji rauni. Ba wajen da baƙo zai yi sati biyu yana yawo shi kaɗai da asuba bane, ka zauna inda sauran 'yan tawagarku suke.

In ni za'a tambaya, a zauna gida ranakun aiki, a fita dutse na gaske sau biyu, a isa Buea saura kwana uku ko huɗu. Satin farko ka ci gaba da kilomitan da ka saba kar ka ƙara, ka shigo da dakali da bene, ƙarshen sati kaje Tinguelin ko dutsen da ke kusa kayi awa ɗaya da rabi, sauka a hankali, ka bar cinya tayi ciwonta na farko. Sati na biyu haka, ka ƙara lokacin bene, dogon fitarka ta kai awa biyu da rabi kana haɗa gudu da tafiya. Farkon sati na uku, saura wajen sati huɗu, shine babbar fita ta farko, awa uku zuwa huɗu a Gaundare ko ka maimaita dutsen gida har ka tara mita 1,000 ko fiye. Ta biyu kuma mafi nauyi, awa huɗu zuwa biyar, ka tabbata ta faɗo saura kwana 16 zuwa 20, kar ta matso fiye da haka. Daga nan sai ragewa, sati na biyar ka zubar da kashi ɗaya cikin uku, satin ƙarshe 'yan guje-guje na minti 20 zuwa 30 kawai dan ƙafa kar ta yi nauyi. A kwana goman ƙarshe babu abinda zaka ƙara wa jikinka, ɓatawa kawai zaka iya.

A waɗannan fitar ka koyi tafiya, kar kaji kunya. Daga Hut 1 zuwa sama har manyan ma tafiya suke a wurare da yawa. Ka sunkuya kaɗan, tafin hannu a kan cinya dab da gwiwa, kana dannawa kowane taku, taku gajere, numfashi na tafiya da ƙafa. A sauka kuma kar ka jingina baya kana dukan ƙasa da diddige, wannan ke cinye cinya, ka sa taku ƙanana masu sauri, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido na kallon mita biyu uku a gaba ba kan yatsu ba.

Ci da sha ma a nan ake gwada su. Abinda jiki ya ajiye na sukari baya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki da ƙarfi, bayan nan sai abinda ka saka a baki, ana so ka samu giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci kowace awa. Ba sai ka nemi jel ɗin turawa ba, dabino ma yana yin wannan aikin, ko ayaba, ko zumar Adamawa a ƙaramar roba. Ruwa ka sa masa garin gishiri da sukari na farmasi irin wanda ake ba mai gudawa, dan ɗirkar ruwa zalla awa da awa kana gumi shima yana kayar da mutum. Abinda baka gwada a atisaye ba kar ya shiga bakinka ranar. Tiramol kuwa dan Allah a bar shi, yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, ga jiri a inda kuskuren taku ɗaya zai gangarar da mutum. Su diklofenak da ibuprofen ma a dogon tsere da ƙishirwa suna iya taɓa ƙoda.

Gwajin likita kar ka ɗauke shi takardar cikawa kawai. A 2024 wani ɗan tseren Kenya, Charles Kipsang, ya faɗi ya rasu bayan ya iso ƙarshen wannan tseren, kuma shi ƙwararre ne. Kace a auna zuciya da hawan jini, ka kuma san jininka, dan mai ɗauke da rabin sikila, wato AS, yana lafiya lau a ƙasa amma aiki mai tsanani a saman dutse na iya taɓa masa saifa ko ya kayar da shi, wannan sai da shawarar likita. Wanda zazzaɓin sauro ya kwantar cikin sati biyu uku kafin ranar shima jininsa bai dawo ba.

Sai azumi. Tseren a Fabrairu aka saba yinsa, kuma a shekarun nan Ramadan ya shigo wannan watan, a 2026 wajen 18 ga wata, kowace shekara kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11. Hukuncin ranar tseren kanta wannan na malamai ne, kaje ka tambayi naka. Amma ta fannin shiri, in satittikan nauyi sun faɗo cikin azumi lissafin ya canja, bene da dakali ana iya yinsu bayan tarawihi, fita ta awa huɗu a dutse kuwa bata yiwuwa da rana ba ruwa, da dare kuma ba'a gangare a duhu. Ka duba kalanda ka tura manyan fitar biyu kafin a ga wata.

Wanda ya kamata ya ɗauki shawara ta huɗu shine wanda yau in ance yayi awa biyu yana gudu a hankali ba tsayawa bazai iya ba, ko bai kai wata uku yana fita a kai a kai ba, ko yanada ciwon gwiwa da ke tashi in yana saukowa daga bene. Sati shida bazai gyara wannan ba. Kuma ba sai an zauna gida ba, tseren nada rukunin rele inda 'yan ƙungiya ke raba dutsen tsakaninsu, matasa da dattawa ma ba'a kai su har ƙololuwa, ka tambayi ƙungiyar wasan gudu ta jiharku wanne zaka iya shiga. Kaga hanya, kaji iskar wajen, baɗi ka fara shiri tun Oktoba.

Takalmi, wanda zaka sa ranar shi zaka sa a manyan fitar biyu, mai ƙasa mai haƙora, ya ɗan fi ƙafarka kaɗan dan a gangare yatsu na dukan gaba har farce yayi baƙi, ko na gwanjo ne ba komai in dai ƙasansa bai side ba. Zakaga wasu 'yan can da takalmin roba suna tashi a kan duwatsu kamar ba komai, kar ka kwaikwaya, tafin ƙafarsu ba irin naka bane. Ka yanke farce saura kwana huɗu ko biyar ba daren ranar ba. Kuma ka ɗaura rigar iska mara nauyi a ƙugu da safar hannu ko ta ɗari biyar ce, dan kowane mita 1,000 da ka hau zafi na sauka da wajen digiri 6, tsakanin Molyko da sama kusan digiri 20 kenan banda iska, kai kuma ka iso da riga jiƙe da gumi. Tikitin jirgin ƙasa ka yanka da wuri ka nemi wajen kwanciya, kwana a zaune daga Gaundare zuwa Yawunde yana kumbura ƙafa, in kuma zama ya kama dole ka dinga tashi kana takawa a cikin wagon ɗin.